Taurari Masu Tafiya Baibai

Ranar da na sauka a Jamus ruwa ake yi, irin yayyafin nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ina jan akwati biyu. Ɗaya na tufafi ne da littattafai, ɗayan kuma Inna ce ta danƙare shi da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, kamar wadda aka ce mata ƙasar da zan je ba a ɗora tukunya.

Sunana Hajara. A Mawashi aka haife ni, cikin ƙasar Kusada, amma a Kankiya nake aure, a can kuma na yi shekaru ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Wata cibiyar binciken sararin samaniya ce ta ba ni gurbin karatun digirin digirgir. Na bar mijina Malam Lawal da aikinsa, na bar masa 'yarmu Ummi, wadda a lokacin ko makaranta ba ta fara ba.

Tun ina gida na kama ɗaki ta intanet. Mai ɗakin ya turo mini hotuna, gado da taga da tukunyar fure, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya ce da na iso in buga ƙararrawa zai sauko da makulli. Na iso, na buga. Wata tsohuwa ce ta buɗe, doguwa, gashinta fari fat, wani ƙaton kare na leƙowa ta bayanta. Na ja da baya na miƙa mata wayata ta ga hoton ɗakin da sunan mutumin. Ta daɗe tana kallo, ta girgiza kai. Cikin gurgun Turancinta ta ce babu mai wannan suna a gidan, ba a taɓa yinsa ba, kuma ba ni ce ta farko da aka turo ƙofarta da wannan hoton ba.

Na kira lambarsa, a kashe. Na tsaya nan bakin titi, ruwa na bin hijabina yana shiga wuyana, ban san kowa ba a garin, cibiyar kuma sai Litinin za a buɗe. Ban yi kuka ba, sai na zauna kan akwatin daddawa. Tsohuwar ta rufe ƙofa. Na ɗauka shi ke nan. Ashe karen ta je ta kulle a kicin, don ta lura da yadda na zabura da na gan shi. Ta dawo ta kama hannun akwati ɗaya ta ce, "Shigo. Sanyi."

Sunanta Helga. Ta ba ni shayi da burodi mai tauri kamar dutsen niƙa, ta kai ni ɗakin da ɗanta ya tashi a ciki kafin ya koma wata ƙasa. Kwana biyu na ce zan yi. A ƙarshe a wannan ɗakin na gama karatuna. Muka yi yarjejeniya da hannu da ido: karenta ba zai taka ɗakina ba, ni kuma in zan kaɗa miyar kuka zan buɗe taga. Ta cika alkawarinta fiye da yadda na cika nawa.

Bari in faɗi abin da ya kai ni. Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a ƙauye bayan damina ta ɗauke ya san wani farin ratsi mai kama da hayaƙi da ke raba sama biyu. Ba hayaƙi ba ne. Taurari ne da suka yi yawa, suka yi nisa, har ido ya kasa rarrabe su. Wannan tarin shi masana ke kira galaksinmu, kuma ranar nan da ke ƙona mu ɗaya ce daga cikin taurarinsa. Fasalinsa kamar faifai yake, yawancin taurarin suna kewaya tsakiyarsa ta fuska guda. Bai tashi da wannan girman ba. Ya girma ne yana haɗiye ƙananan tarin taurari da suka matso kusa da shi, tun kafin a yi duniyarmu. Aikin rukunin masu bincike da aka sa ni a ciki shi ne neman ɓurɓushin waɗanda aka haɗiye, don a san yadda gidan ya ginu.

Mutanen gida sun ɗauka kullum ina kan dutse ina leƙen sama ta madubi. Gaskiyar magana da rana nake aiki, a gaban kwamfuta, cikin ofis mai ƙamshin kofi. Wata na'ura da ke can sararin samaniya ce ke auna inda taurari suke da yadda suke tafiya, mu kuma mu tace bayanan.

Watannin farko sun ba ni kashi. A gida ni ce gwana, ɗalibai na miƙewa in na shiga aji. A nan kuwa yaran da na girme su suna rubuta umarnin kwamfuta kamar suna shan ruwa, ni kuma in wuni a kan layi ɗaya. In na yi magana a taro sai a ce in maimaita. Na fara yin shiru. Hunturu ya shigo, rana ta koma fitowa kamar mai jin kunya, ta leƙo ta koma. Na kan yi azahar da la'asar da magariba kusan a jere, a wani lungu bayan ɗakin karatu.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya faru wata Asabar. Na kira gida ta bidiyo, Malam ya juya wayar wajen Ummi. Ta kalle ni, ta ɓuya bayansa, ta ce, "Abba, Antin waya ce."

Na yi dariya don kada ta ga fuskata ta canja. Da ta fita wasa na ce, "Malam, ni dawowa zan yi. Ba zan sayar da 'yata in sayi taurari ba."

Ya ce, "In kin ce za ki dawo, gobe in je in tarbe ki, ba zan ce miki komi ba. Amma ran da ta yi wayo ta tambaye ki abin da kika je yi, me za ki ce mata? Ki ce kin je kin ji sanyi kin dawo?"

"To in ta manta ni fa?"

"Yaro ba ya manta mai ba shi labari. Kina kira kina tambayarta ta ci abinci, ta yi wanka. Wa ke son wannan hira? Ki ba ta abin da za ta jira."

Daga ranar na karya dokar nan ta cewa ba a tatsuniya da rana. Lokacin hutun cin abinci sai in fita harabar cibiyar, in tsaya cikin sanyi, in ba ta labarin wata akuya da na ƙirƙiro, wadda ta gudu daga kasuwar Kankiya ta shiga duniya. Kullum sai in tsaya daidai inda akuyar ta shiga uku. Ba a yi wata ba Ummi ta fara ƙwace wayar ubanta da kanta, tana cewa, "Mama, mai motar ya kama ta?" Wannan akuya ta sha wahalar da ko ni ban sha ba.

A wani shagon kayan abincin Afirka na haɗu da Rabi. Ina waya da Inna ne, ina tambayarta ko an yanke gero, sai na ji an dafa kafaɗata. Wata mace ce mai jiki, da ɗaurin ɗankwali irin na gida.

"Baiwar Allah, wannan Hausa taki ba ta Kano ba ce. Ke ɗiyar ina ce?"

Na ce Kusada, ƙasar Katsina.

"Ai mu ɗaya ne. Ni ɗiyar Maraɗi ce. Aje kwandon nan, taho mu tahi gida, na dama hura."

Ban san ta ba, ban tambayi inda za mu ba, na bi ta. Mijinta makaniki ne, sun daɗe a ƙasar, ita kuma tana aikin kula da tsofaffi. Furar da garin gero na leda ta yi ta, nonon kuma na kanti ne, amma da na kai ludayi baki sai hawayen da na hana fita ranar da na sauka suka zubo. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ƙara mini sukari kawai. Daga nan gidanta ya zama inda nake zuwa duk Lahadi, in yi Hausa har muƙamuƙina ya gaji.

A shekara ta biyu hannuna ya faɗa. Farfesan da ke shugabantar rukuninmu, wani dattijo mara yawan magana, ya ba ni wani yanki na sama da ba a cika kula shi ba, saboda ƙurar sararin samaniya ta yi yawa a wurin, tana dushe hasken taurari. Na yi watanni ina gyara lissafin nisa. Wata safiya na zana tafiyar taurarin yankin, sai na ga wasu 'yan kaɗan sun ware. Duk jama'a na kewayawa ta nan, su kuma suna tafiya baibai, kuma tare suke, hanyarsu ɗaya, saurinsu kusan ɗaya. Na goge na sake. Suna nan. Na canja hanyar lissafi. Suna nan.

Akwai wani mai suna Tomas a rukuninmu, ya riga ya gama digirinsa, shi ne na biyu bayan Farfesa, kuma shi aka ce in riƙa nuna wa aikina. Na kai masa. Ya kalla a tsaye, kofi a hannu, ya ce, "Wurin nan ƙura ta yi yawa. Kuskuren awo ne, kowa na ganin irin wannan a farko. Ki koma kan abin da aka sa ki."

Na ce to. Haka aka tarbiyyantar da ni. In na gaba ya ce a'a, sai ka ja bakinka. Na ci gaba da duba taurarin nan ni kaɗai, ban ƙara yi wa kowa maganarsu ba.

Bayan wasu watanni aka ce kowa ya kawo abin da zai gabatar a wani babban taron masana da ke tafe, a fara gwadawa a gabanmu. Aka turo mana hotunan jawabin kowa tun ranar Juma'a. Na buɗe na Tomas, sai ga taurarina. Ya canja launi, ya ƙara gyara a kan nisan, amma su ne, na san su kamar yadda mace ta san kwanukanta a gidan biki. Sunansa ne a sama. Nawa yana can ƙasa cikin jerin waɗanda ake yi wa godiya.

Ranar Lahadi na kwashe duka na faɗa wa Rabi. Na ce na bar shi da Allah.

Ta ajiye muciya ta juyo. "Mi kika ce?"

"Na ce Allah ya isa. Ba na son a ce baƙuwa ta zo tana rigima."

"Allah ya ba ki baki, sannan ki ce kin bar mashi? Hajara, kawaici a gida ado ne, don wanda kika yi wa ya san kin yi mashi. Nan ba su san shi ba. In kika yi shiru, cewa za su yi ba ki da abin hwaɗi. Kin baro ɗiyarki tana kiran ki Anti don ki zo ki yi wa wani ƙato noma?"

Na ce ina tsoron kada a kore ni.

"In an kore ki kan gaskiyarki, ga ɗaki nan. Amma ki tahi ki hwaɗa, gaban kowa, ba a lungu ba. Kuma kada ki yi kuka. In kukan ya zo, ki riƙe shi ki kawo mani nan."

Ranar Litinin Tomas ya yi jawabinsa, ya yi kyau ƙwarai. Farfesa ya gyara zama, na ga idonsa ya yi haske. Ya ce akwai mai tambaya? Na ɗaga hannu. Na miƙe tsaye, abin da ba a saba yi ba a wannan taro.

Na ce, "Ba tambaya ba ce. Waɗannan taurari ni na gano su. Na kai wa Tomas a ofishinsa, ya ce mini kuskuren awo ne. Ina son a san haka kafin a kai su ko'ina."

Wannan karon babu wanda ya ce in maimaita. Farfesa ya juya ya kalli Tomas. Fuskar Tomas ta yi ja har kunne. Ban zaci zai amsa ba, amma ya amsa. Ya ce, "Gaskiya ne ita ta fara nuna mini. Daga baya na sake dubawa na ga akwai wani abu. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, na ɗauka ta bar shi. Kuma gyaran nisan nawa ne."

Na ce, "Gyaran naka ne, kuma ya fi nawa. Amma ban bar su ba. Da ka tambaye ni da ka sani."

Farfesa ya sallami kowa ya ce in tsaya. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Aikinki ne, ke za ki jagorance shi. Amma ki sani, har yanzu ba mu tabbatar ba. Tafiya tare ba ta isa hujja ba. Sai an auna haskensu an ga sinadaran da ke cikinsu. In daga wuri ɗaya suka fito, sinadaransu za su yi kama. In ba su yi ba, to kuskure ne, kuma sunanki ne zai hau kansa, ba na Tomas ba. Kin yarda?"

Na ce na yarda.

Ya ce, "Nan gaba kada ki jira sai an ɗauka kafin ki yi magana. Ƙofata a buɗe take tun ranar da kika zo."

Ba a kai aikin wancan taro ba. Muka rubuta takardar neman a ba mu lokaci a wani babban madubin hangen nesa da ke kan duwatsun ƙasar Chile. Aka ba mu kaɗan. Sai jira, don sai lokacin da yankin namu ya fito a samansu, kuma sai sama ta yi garau. Wannan jiran ya fi komai cin raina. Ni da Tomas muna gaisawa sama-sama. Wasu a cibiyar sun daina zama kusa da ni wajen cin abinci, wasu kuma da ba su taɓa kula ni ba suka fara. Na rame har Helga ta lura. Ta fara ajiye mini miyar dankali a bakin ƙofa, da 'yar alama da hannu cewa babu alade a ciki. Wata rana ta tambaye ni me ke damuna. Na yi iya ƙoƙarina da Jamusancin da na tsinta, na ce ina jiran a gaya mini ko na yi daidai ko na yi kuskure. Ta ce mijinta kafinta ne, ya kan ce katakon da ba a auna ba shi kaɗai ne ba ya ba da kunya. Ban tabbata na fahimce ta duka ba, amma na shanye miyar.

Bayanan suka iso wata Laraba da hantsi. Na yi alwala na yi nafila kafin in buɗe. Na fara bin taurarin ɗaya bayan ɗaya. Na farko bai dace ba, ƙarfen da ke cikinsa ya yi yawa, ɗan gida ne da ya ratso cikinsu. Na biyu ma haka. Na uku ya zo da ƙarancin ƙarfe, irin na tsofaffin taurarin da aka haifa a ƙaramin wuri. Na huɗu irinsa. Na gaba irinsa. Haka suka yi ta jeruwa, kamar 'yan uwa a layin gaisuwa. Kaɗan sun fita, amma mafi yawansu jininsu ɗaya. Ragowar wani ƙaramin tarin taurari ne da galaksinmu ya haɗiye tun zamanin da babu wanda zai ba da labari.

Na ɗauki kwamfutar na nufi ofishin Farfesa. A hanya na ci karo da Tomas. Na tsaya na juya masa fuskar kwamfutar ya gani. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Na yi kuskure sau biyu ke nan." Ya miƙo hannu, ya tuna ba na musabaha da maza, ya mayar da shi kan ƙirjinsa kamar yadda ya ga ina yi. Farfesa kuwa kalma ɗaya ya ce: "Rubuta."

Muka rubuta. Masu tantancewa na mujallar da muka aika wa suka dawo da takardar da tambayoyi masu zafi, muka amsa, suka karɓa. Sunana ne a farko, na Tomas na biye, don gyaransa ya cancanci haka. Da na tsaya a gaban masana a taron shekarar da ta biyo, da atamfata da mayafina, ni da kaina na yi bayanin taurarina.

Da kaka na zo hutu gida. Bayan na kwana biyu a Kankiya, Ummi na manne da zanena duk inda na sa ƙafa, muka tafi Mawashi gaida iyaye. Na tarar da Baba bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida, yana tsinke gyaɗa daga harawa. Baba manomi ne, allo kawai ya yi, kuma tun da na fara wannan karatu bai taɓa tambayata abin da nake karantawa ba. Addu'a kawai yake yi. Na durƙusa na gaishe shi, na ja tabarma na sa hannu a gyaɗar.

Can ya ce, "Hajo, Lawal ya ce kin gano wani abu. Mi ne ne?"

Na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce masa farin ratsin nan na sama taurari ne, suna kewayawa kamar shanu a masussuka, duk ta fuska ɗaya. Na ce na samu wasu da ke tafiya baibai, aka bincika aka ga asalinsu ba na nan ba ne, daga wani wuri aka kwaso su tun da daɗewa.

Ya ci gaba da tsinkar gyaɗa. "Ana ganinsu da ido?"

"A'a Baba, sun yi nisa."

"Suna da wani amfani ga damina?"

"Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai, kamar wannan bai dame shi ba. "To kahin ke, wa ya san da su?"

"Allah da ya halicce su."

"Wannan na sani. Cikin mutane nike tambaya. Turawan da kika taras can, da na'urorinsu."

"Na'urarsu ta auna su, amma ba wanda ya lura 'yan uwan juna ne. A iya saninmu, ni ce ta farko."

Ya ajiye harawar da ke hannunsa. Ya kalle ni, ya kalli sama, wadda babu komai a cikinta sai rana da shirwa ɗaya. Ya ce, "Tun da aka yi duniya."

Na ce, "Tun kafin nan ma, Baba."

Bai ce na yi ƙoƙari ba, ba halinsa ba ne. Ya karkaɗe rigarsa, ya miƙe da ƙyar saboda gwiwa, ya sa takalmi. Na ce ina za shi, ga gyaɗa ba a gama ba.

Ya ce, "Zauna nan, kada ki tashi. Zan kira Liman da Maigari. Ki maimaita masu daga farko, yadda kika hwaɗa mani, kada ki rage komi."